Kafin Inabin Baba Ya Yi Hawaye

Dogliani, 11 ga Janairu

Zuwa ga ƙanena Maggiorino,

"Yaya Delfina, muddin ina numfashi, ƙarfe ba zai taɓa saiwar inabin Baba ba." Haka ka faɗa a ƙofar coci ranar da muka binne shi, hularka a hannu, hancinka ya yi ja wur saboda sanyi da kuka. Ban ƙara ko kalma ɗaya ba. Shekara ashirin da biyar na yi ina aiki a ɗakin karatu a Torino, ka san ba na kuskure wajen kwafo magana.

To, yanzu sai in gaishe ka, tunda Mama ba ta haifi marasa tarbiyya ba. Ina fatan kana lafiya, kai da matarka Nives, ina fatan sanyin bana bai taɓa ku ba. Ni ma lafiya lau nake, in ban da zuciyata da ke tafasa tun ranar Talata.

Ranar Talatar ina kasuwa ina zaɓen kifin gishiri, sai ga matar mai katafila ta dafa kafaɗata tana washe baki. Ta ce, "Delfina, ashe ku ma za ku zama manyan mutane! Mijina zai hau gonarku farkon Maris, a tumɓuke tsofaffin kurangun nan a dasa inabin Nebbiolo." Na yi dariya kamar na sani. Na ma ce mata ta gaida mijin. Na dawo gida na ƙona albasa, abin da ban yi ba tun ina shekara goma sha biyu.

Sau huɗu na kira wayarka ba ka ɗauka ba. Shi ya sa nake rubuta wasiƙa zuwa ga mutumin da nake hango hayaƙin murhunsa ta tagar kicin ɗina. Ka ga abin da ka mayar da ni.

Layi goma sha huɗu ne, Rino. Layi goma sha huɗu na inabin Dolcetto, waɗanda Kaka ya dasa, Baba ya yi shekara hamsin yana hawa yana sauka a tsakaninsu. Su za ka cire don ka dasa inabin masu kuɗi. Ban ce Nebbiolo ba ya da daɗi ba, ni ba jahila ba ce. Amma giya ce da sai ta yi shekaru a ganga tana fushi kafin ta yarda a sha ta, sannan wani baƙo ya zo daga ƙetare, ya jujjuya ta a kofi, ya cusa hanci, ya lumshe ido ya ce yana jin ƙanshin tsohuwar fata. Tsohuwar fata! In ita yake so, ga takalmin Baba nan a bayan ƙofa, kyauta.

Ka san su waye ke cin abinci a wajena da rana? Ka sani, amma bari in tuna maka. Masu gyaran titi su biyar, da ma'aikatan jinya biyu, da mai raba wasiƙu, da tsoho Celestino da ke zaune a kujerar kusa da murhu kullum tun da matarsa ta rasu. Waɗannan ba sa shinshina kofi. Suna zuwa da yunwa, in ajiye musu siririyar taliyar ƙwai irin ta Mama da miyar nama, in ajiye tulu ɗaya na giyar Baba a tsakiyar tebur, su ci su sha su koma aiki da ƙafafunsu. Ranar Juma'a, in na yi zazzafar miyar tafarnuwa da kifi ana tsoma ganye da barkono a ciki, wace giya ce za ta iya zama kusa da tafarnuwa haka ba tare da faɗa ba? Ita ce. Ba ta da girman kai, ba ta danne abinci, tana barin ɗan ɗaci a ƙarshen harshe wanda ke sa mutum ya sake ɗaukar cokali. Kuma leburan da ya yi wa titi faci tun safe zai iya biyan ta ba tare da ya leƙa aljihunsa sau biyu ba.

Baba ya sha faɗa cewa akwai giyar biki, akwai giyar Talata, kuma Talata ta fi biki yawa a rayuwar mutum. Na karanta littattafan masu hikima fiye da yadda ya kamata mace mai hankali ta karanta, ban ga wanda ya faɗi abin da ya fi wannan ba.

Don kada ka ce zuciya ce kawai, na yi gwaji. Jiya na sayo giya kwalba uku masu sauƙin kuɗi: Barbera ta ƙungiyar manoma, da Sangiovese daga Toskana, da Montepulciano daga kudu. Zan faɗi gaskiya ko da tana ƙona ni: dukkansu na kirki ne. Barbera tana yanka maiƙon nama kamar wuƙa. Ta Toskana an halicce ta ne don miyar tumatir. Ta kudu kuma tana da taushin hali, da gasasshen naman rago ba ta da laifi. Na zuba wa Celestino a tulunmu na kullum ban gaya masa ba. Ya kurɓa, ya ajiye, ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "'Yata, wannan ɗiyar mutanen kirki ce, amma ba 'yar gidan nan ba ce. Ina kika kai tamu?"

Me zan ce masa, Rino? Ka sauko ka ba shi amsa da bakinka.

Alkawari kaya ne. Kai ka ɗauka, ba wanda ya ɗora maka. Ka gaida Nives, ka ce mata ban haɗa ta a cikin wannan fushin ba tukuna.

Yayarka da ta goya ka,
Delfina


Dogliani, 29 ga Janairu

Rino ƙanena,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina tambayar lafiyarka, kuma wannan karon ba don al'ada nake tambaya ba. Yaya ƙugun? Ka ga na sani.

Kada ka yi wa Nives faɗa. Ranar Alhamis ta sauko da ƙwai, bayan mutane sun watse ina goge tebura. Na tare ta da fuska a ɗaure, na fara zuba mata duk abin da na tanadar maka. Ta bari na gama, ka san halinta, sannan ta zauna ta cire ɗankwali ta ce, "Yaya, kin gama? To bari in gaya miki abin da jakin ƙanenki ya hana ni faɗa."

Ashe ka faɗi a layi na tara lokacin tsinkar inabi, da kwando a kafaɗa, ka kwanta a ƙasa fiye da awa ɗaya ba ka iya tashi, ba ka kuma yarda ka yi ihu ba don kada maƙwabta su ji. Ashe shekara biyu ke nan da rarrafe kake hawa gangaren nan in ba kowa. Ashe likita ya sa ranar yi maka aiki a Afrilu, ya kuma ce ko an yi aikin, kai da wannan tudun kun rabu. Layukan Kaka kuwa matsattsu ne, an dasa su tun zamanin shanu, tarakta ba ta shiga, komai sai da hannu, kuma babu wanda zai karɓi gonar ya noma ta sai an faɗaɗa layuka an dasa abin da ake rububinsa.

Ni kuma ina nan ƙasa ina yi maka wa'azi a kan giyar Talata.

Da Nives ta tafi sai na zauna na ƙirga. Shekara goma sha ɗaya ke nan da na dawo na karɓi ɗakin cin abincin Mama. Sau nawa na hau tsinkar inabi? Ko sau ɗaya. Kullum akwai dalili: tukunya na kan wuta, baƙi sun yi yawa. Kai ne kake sauko mini da manyan tulunan gilashi a bayan mota kowace bazara, ka sauke su ɗaya bayan ɗaya a ɗakin ƙasa, ni kuma in tsaya a bakin matakala ina cewa ka yi a hankali kada ka fasa. Tulun nake ji, ba bayanka ba. Zumunci a ƙafa yake, an ce, ni kuwa nawa a baki ya tsaya, kilomita huɗu kacal tsakanina da kai.

Kuma ba yau na fara ba. Ka tuna shekarar jarrabawata ta shiga jami'a? Baba ya raba mana layuka, ni bakwai kai bakwai. Na ɓuya a ƙarƙashin layi na ƙarshe da littafina, kai kana shekara goma sha huɗu ka tsinke naka ka tsinke nawa, kana ajiye kwanduna a bakin layina don Baba ya zaci ni ce. Da yamma ya dafa kaina ya ce, "Kun ga mace, karatu da aiki." Kai kuwa ka ɓoye hannuwanka a aljihu. Da daɗewa na gane ya sani, don a ranar kai ya yanka wa babban ɓangaren cuku, ya kuma tsoma maka burodi a kofinsa. Duk littafin da na karanta a duniya, Rino, da bayanka aka biya shi.

Saboda haka na janye rabin abin da na rubuta. Rabi kawai. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, na yarda. Amma har yanzu ina fushi, kuma fushin ya fi na da. Da ina fushi ne don za ka cire inabi. Yanzu ina fushi don ka kwanta a ƙasa awa ɗaya kana kallon rufin gidana daga sama, ka zaɓi in ji labarinka a bakin matar mai katafila, tsakanin kifin gishiri da albasa. Me ka ɗauke ni? Baƙuwa mai shinshina kofi?

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Washegari na gaya wa Celestino komai, don idona ya kumbura kuma ba zan iya ɗora wa albasa laifi kullum ba. Ka san kafin hannunsa ya fara rawa, shi ne mai aurar da itatuwa a duk wannan kwarin, wato ya haɗa reshen wani itace a kan saiwar wani su zama ɗaya. Ya saurara yana tauna burodi, sannan ya buga tebur ya ce, "Ke da karatunki na banza! Wa ya ce miki giyar a saiwa take? Saiwar nan ma aro ce, tun zamanin kakanku. Giyar a reshe take. Ki yanko rassan bara masu kaurin fensir, ki binne su a danshin yashi a ɗakin ƙasa, in bazara ta yi in aurar miki da su a kan sabuwar saiwa. Bayan gidan nan ba fili ne da ke ba, kina noman ciyawa da tsofaffin kujeru?"

Filin shimfiɗaɗɗe ne, Rino. Mai sanda ma zai iya yawo a cikinsa.

Sai dai ya ce akwai sharaɗi biyu. Na farko, a yanka lokacin da wata ke raguwa, kafin ruwa ya hau jikin itacen ya fara hawaye, don reshen da ya farka ba ya jure jira. Na biyu, ba kowace kuranga ake yanka ba. Reshe yana gadon halin uwarsa: in mai zubar da 'ya'ya ce tun kafin su nuna, haka zai yi har abada, in mai ciwo ce, da ciwon zai tashi. Nan take na tuna tsohuwar jar rigar Mama da Baba ya yayyaga, yana ɗaura tsumma a jikin kurangar da ta fi kyau kowace kaka. Nives ta ce tsummokaran sun ruɓe tuntuni, amma kai ka san su duka, guda arba'in da ɗaya, kana ma gaishe su in za ka wuce.

Ban roƙe ka gonar ba. Na sauke maka kayan da ka ɗauka a ƙofar coci, ni ce babba, ina da ikon yin haka. Katafila ta zo ta ɗauki saiwar. Abin da nake so shi ne ka nuna mini arba'in da ɗayan nan da yatsa.

Na ba Nives miyar wake da taliya a cikin kwanon Mama mai murfi. Ka ci da zafi, ka sha kofi ɗaya na ta bara a kai, in likita bai hana ba. In ya hana, rabin kofi. Allah ya ba ka lafiya, ya jiƙan iyayenmu.

Yayarka,
Delfina


Dogliani, 10 ga Fabrairu

Maggiorino,

Ina gaishe ka, ina gaida Nives, ina fatan ciwon ya yi sauƙi kuma kana shan maganin a kan lokaci, ba sai an bi ka da shi ba kamar yaro.

Kwanon ya dawo a wanke, na gode. Saƙonka ma ya iso. Nives ta faɗa mini shi tana kallon ƙasa: wai in bar abin da ya ƙare ya ƙare, wai ba za ka iya tsayawa a gaban inabin Baba kana zaɓen wanda zai rayu da wanda zai mutu ba, bayan kai ne ka kira masa katafila.

Na fahimta. Kunya ce, kuma kunyar ta gidanmu ce, na san ta. Ita ce ta hana Baba zuwa asibiti sai da aka ɗauke shi a kwance. Amma ban yarda ba.

Ranar Lahadi bayan coci na hau. Na san ka gan ni, don labulen ɗakinku ya motsa sau biyu, kuma Nives ba ta leƙe, fitowa take yi. Na hau da takalmin coci, kamar sakarai, laka ta cinye ɗaya a layi na uku. Kafin in kai na tara numfashina ya ƙare, na zauna a ƙasa ina haki, na dubi gangaren da ka yi shekara biyu kana rarrafawa. A nan na yi kukan da ban yi ba ranar binne Baba, don ranar ni ce mai dafa wa masu ta'aziyya abinci.

Da na gama sai na tashi na duba kurangun ɗaya bayan ɗaya. Na tafi da littafi guda a kan noman inabi, mai hotuna, wanda na yi kwana uku ina karantawa. Rino, ba ganye, ba 'ya'ya, dukkansu baƙaƙe ne, karkatattu, kamar tsofaffin mata a layin karɓar fansho. Ba mai cewa ni ce ta kirki. Tsumma ɗaya tak na samu, a layi na shida, ya koɗe ya zama ruwan toka, na ɗan taɓa shi ya marmashe a hannuna. Guda ɗaya ke nan na sani. Sauran arba'in suna cikin kanka, kuma babu ɗakin karatun da ya ajiye kwafinsu.

Da ina saukowa na ga an ajiye takalman roba na Nives a bakin ƙofar gona, da tsohon almakashin datse rassa na Baba a cikin ɗaya, an wasa shi, an shafa masa mai. Nives ba ta iya wasa almakashi ba. Saboda haka kada ka aiko mini da wani saƙon cewa abin ya ƙare.

Celestino ya duba kalandarsa ta manoma, ya kuma fita ya dubi sama don bai yarda da kalanda ba. Ya ce ranar Asabar ta makon gobe wata yana raguwa, kuma in wannan ɗumin ya ci gaba, bayanta inabi zai fara hawaye. Na tambaye shi ko hannunsa zai iya riƙe wuƙar auren. Ya ce, "Hannuna da miya yake rawa, 'yata, ba da wuƙa ba." Shekararsa tamanin da ɗaya. Ya ce in ya aurar da su bana, sai bayan shekara uku ko huɗu za a sha kofin farko, kuma ya yi niyyar jira, don ba zai je wa matarsa da ɗanɗanon giyar wasu a baki ba. Kafin nan zan ba mutanena Barbera ta ƙungiyar manoma, ba za su mutu ba. Na riga na sa masu gyaran titi sun kwashe tsofaffin kujerun bayan gida, an kawo yashi buhu shida yana ɗakin ƙasa.

To ga magana ta ƙarshe, ka karanta ta sau biyu.

Ranar Asabar ɗin zan rufe ɗakin cin abinci, karo na farko a ranar aiki cikin shekara goma sha ɗaya. Ƙarfe tara na safe zan kasance a bakin gona da takalman Nives da almakashin Baba. Biyu daga cikin masu gyaran titi za su zo da kujerar da kake zama a kanta in ka sauko, sun ce za su ɗauke ka a kai layi bayan layi kamar wani bishop, kai dai ka riƙe sanda ka nuna. Ba sai ka yi mini magana ba. Ba sai ka ba ni haƙuri ba, ni ma ba zan sake ba ka ba, sau ɗaya ya isa. Zan zo da burodi da cuku da tulu ɗaya na ta bara.

Zan jira ka har ƙarfe goma. In kararrawar coci ta buga goma ba ka fito ba, zan fara daga layi na ɗaya in yanka daga kowace kuranga da hannuna ya kai, mai kyau da mai ciwo da mai zubar da 'ya'ya, Celestino ya aurar da su duka. Bayan shekara huɗu, duk irin ruwan tsamin da suka haifa, zan zuba shi a tulu in ajiye a kowane tebur, in rubuta a allon ƙofa da manyan baƙaƙe: Giyar Maggiorino. Kuma kai zan fara zuba wa, a gaban kowa, in tsaya a kanka sai ka shanye.

Ka sa rigar sanyi mai kauri, akwai iska a layi na tara.

Yayarka, wadda har yanzu layukanta bakwai ke hannunka,
Delfina